Malam Sabi'u, Alƙalin Wasan da Ya Hana Kansa Kallon Autansa

Ina cikin mitin a ma'aikata ranar Talata da hantsi waya ta dinga motsi a aljihuna. Sau biyu ina danne ta. A na uku na leƙa, na ga sunan Auwal, babban ɗan Malam Sabi'u, sai na miƙe na fita ban nemi izinin kowa ba, domin Auwal ba mai kirana ba ne. A bakin matakala na ɗauka. Ya ce, "Yaya Nasiru, Baba ya cika." Na yi salati, na sake yi, sannan na tambaye shi yaushe za a yi sallah, ya ce bayan azahar. Kwana huɗu ke nan da Malam ya yanke jiki ya faɗi a siton da yake aiki a Idu aka kai shi asibiti. Ranar Litinin da yamma na baro shi yana magana, har yana yi mini faɗa a kan na zo da lemo da yawa.

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya na minti goma ba. A ofis in buɗe fayil in rufe, in fita baranda in dawo. A gida mai ɗakina ta gaji da tambayata abin da nake nema. Ba mutuwar kaɗai ce ta hana ni sukuni ba, ko da yake ta isa. Akwai wani labari da na ji ana ta ba da shi a zaman makoki ana yabon Malam da shi, alhali na san da yana raye da ya tashi ya bar wurin. Akwai kuma wani wasa da ya bar mini a wuya. Saboda su biyun nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sabi'u alƙalin wasan ƙwallon yara ne. Ya fi shekara ashirin yana busa wa 'yan ƙasa da shekara sha biyar wasa duk Asabar a filin wata makarantar firamare a Gwarinpa. Ya zo Abuja daga ƙauye yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya zama mai kula da sito. Ni kuwa na zo da digirina da girman kaina, na shiga alƙalanci don in rage teɓa. A hannunsa na koyi riƙe tuta, a hannunsa na koyi busa usur, kuma shi ne mutum na farko a garin nan da ya gaya mini ido da ido cewa ina da saurin fushi.

Kafin kowa ya iso fili shi ya riga ya zo. Sai ya bi filin taki-taki yana tsince duwatsu da fasassun kwalabe yana zubawa a leda. Yana duba faratan yara kafin wasa, wanda nasa suka yi tsawo ya miƙa masa abin yankan farce daga aljihu. Ya san sunan kowane yaro, Musa ne ko Chinedu ko Tunde, ba ya kiran kowa da "kai". Kuma bai taɓa shan ruwan wata ƙungiya ba. Da 'yar jarkarsa yake zuwa, ko ta ƙare sai ya haƙura har a tashi. Na taɓa miƙa masa ruwan leda daga kular wasu yara, ya girgiza kai ya ce, "Ruwan ƙungiya nauyi gare shi a ciki, Nasiru. Sai ka zo gudu ka ji shi."

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne abin da muke kira kiran dangi. Kafin a jefa kwabo, sai ya tara masu horarwa biyu a tsakiyar fili, ya ɗauki takardar sunayen 'yan wasa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da kowane yaro. Mai lamba tara, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Mai lamba huɗu, a shagon ubansa na kwana wata uku da na zo Abuja. Golan can, uwarsa da mai ɗakina Islamiyya ɗaya suke zuwa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda abin yake: wanda kuka fito gari ɗaya ya zama ɗan'uwa, wanda ya sauke ka ya zama uba, 'ya'yan maƙwabta duk Baba suke ce maka. Don haka lissafin Malam ba ya ƙarewa da wuri. In alaƙar ta nesa ce, ya faɗa ya bar wa masu horarwa zaɓi. In ta kusa ce, ba ya ma tambaya, sai ya yi musaya da wani alƙali.

Koci Emeka, wanda ya daɗe yana horar da yaran unguwar, shi ya fi kowa ƙorafi. Yakan riƙe ƙugu ya ce, "Oga Sabi'u, rana yana zafi, yara suna jira. Wannan tarihi kullum kullum. Mu ba mu da komplen, ka busa abinka." Malam sai ya yi murmushi ya ce saura mutum biyu. Ni ma ina cikin masu ganin abin ya yi yawa. Na taɓa ce masa dokar da aka koya mana ɗa da ƙane da ɗan'uwa na jini ta ambata, ba ta ce komai a kan 'yan Islamiyya ba. Ya ce, "Ni ba da jini nake auna dangi ba. Duk yaron da in ya faɗi ƙafarka ta motsa kafin usur ya kai bakinka, ɗan'uwanka ne." Na yi dariya a lokacin. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

To, ga labarin da ake yabonsa da shi, kuma ina wurin aka yi, da tuta a hannuna.

Shekaru da dama da suka wuce yaranmu suka je wasa Kwali. Auwal yana da shekara sha huɗu, shi ne mai ci mana ƙwallo. Malam ya bi mu ne a matsayin uba, ko kayan alƙalanci bai ɗauko ba. Motar alƙalin da aka turo ta lalace a hanya, aka jira har rana ta take, mutanen Kwali da kansu suka ce ga Malam Sabi'u, kowa ya san shi, ya busa. Ya yi ta nonnoƙewa, aka yi ta roƙo, ya karɓa. Ana kunnen doki, saura kaɗan a tashi, Auwal ya shiga da ƙwallo cikin da'irar gola, wani ɗan baya ya share masa ƙafa ta baya. A ɓangarena aka yi, ko kurma ya ji ƙarar. Na ɗaga tuta. Malam ya dube ni, ya dubi yaron a ƙasa, ya yi nuni da hannu a ci gaba. Daga wannan ƙwallon aka juya aka ci mu.

Har yau ina ganin Auwal zaune a ƙasa, bai riƙe ƙafar da aka buga ba, ubansa kawai yake kallo. Mutanen Kwali suka yi ta tafi. Dattawa suka zo suna gaisawa da Malam suna cewa wannan shi ne alƙali, ko ɗan cikinsa bai raga wa ba. Wannan maganar ce ta bi shi shekara da shekaru, ita ce kuma na ji wani Alhaji yana maimaitawa a kan tabarmar makoki, mutane suna gyaɗa kai suna Allah Ya jiƙansa.

Abin da ba su sani ba shi ne abin da ya faɗa mini a mota muna dawowa. Muna kujerar baya, yara sun yi tsit. Mun wuce Gwagwalada kafin ya buɗe baki. Ya ce, "Nasiru, na ga tutarka. Na ga ƙetar ma tun kafin tutar." Na ce to me ya hana ka busawa, Malam? Ya ce, "Na ji abin da za a ce. Kafin in kai usur baki na riga na ji ana cewa ya ba ɗansa fenareti. Sai na gyara sunana da haƙƙin yaro." Can ya ƙara da cewa, "Da ɗan wani ne da na busa ban yi tunani ba. Wannan tafin da suka yi mini, zalunci suka tafa wa."

Malam mutumin ƙauye ne na asali, irin waɗanda ba sa kiran sunan ɗan fari. Tun da na san shi "yaron nan" yake ce wa Auwal, ko "babban". Ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya zama kusa da shi. Don haka ku auna abin da ya faru Asabar ɗin da ta biyo baya. Ya tara yaran ƙungiyar da Koci Emeka da mu alƙalai, ya cire hularsa, ya ce, "Auwalu, na zalunce ka a Kwali. Fenareti ne, na gani, na ƙi busawa don tsoron bakin mutane. Ka yafe mini." Ranar na fara jin sunan a bakinsa. Auwal ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Amma daga ranar ya rataye takalminsa. Ya koyi walda, yanzu yana da shagonsa a nan Gwarinpa, kuma bai sake taka bakin fili ba. Kiran dangi daga nan ya samo asali.

Sai ga Mustafa, autan gidan, ya taso da ƙafar hagu mai kyau, ya shiga ƙungiyar Koci Emeka. A kansa Malam ya ƙara wa kansa wata doka da ta fi ta farko tsanani. Bai tsaya a kan ƙin busa wasan yaron ba, ko kallo ba ya tsayawa. In wasan su Mustafa ya zo, sai ya naɗe tutocinsa ya bar makarantar gaba ɗaya, ni nake busawa. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, na kuma gaya masa. Na ce Malam, yaro yana waiwaye yana neman ubansa a bakin fili, iyayen wasu suna ihu, shi ba kowa. Wannan kuma ba wani zaluncin ba ne? Ya gama naɗe tutocinsa. Sannan ya ce, "Duk alƙalan filin nan ni na koya musu. In na tsaya a bakin layi, usur ɗinka zai yi nauyi. Ko ka ba shi don ni, ko ka hana shi don kada a ce don ni ne." Bai ce na yi ƙarya ba a kan zaluncin. Kuma a shekara uku da na yi ina busa wa Mustafa wasa, bai taɓa tambayata ko yaron ya yi ƙoƙari ba, har na fara zargin ko bai damu ba.

A rana ta uku da rasuwar, wani dattijo ya matso kusa da ni a wajen zaman makoki. Malam Isiya ne, mai sayar da rake a ƙofar makarantar, wanda na yi shekaru ina wucewa ta gaban baronsa ban taɓa ce masa komai ba bayan sannu. Ya ce, "Oga, yanzu wa zan riƙa ba labari?" Na ce wane labari? Ya ce ai duk ranar da su Mustafa suka yi wasa, bayan kowa ya watse, Malam yakan dawo ya zauna a kan dakali, ya sayi rake gaɓa biyu, ya ce to Isiya, faɗa mini daga farko. Shi kuma ya ba shi labarin wasan tun daga busa ta farko, inda yaron ya yi gudu, inda ya yanke mutum biyu, inda ya zubar. Ya ce, "Ni ban ma iya kallon ƙwallo ba da. Saboda shi na koya. In na ce yaron ya ci, sai ya ce da wace ƙafa." Na tashi na koma bayan katangar gidan, na daɗe ban dawo ba.

Yanzu ga abin da ya bar mini. Ranar Litinin ɗin nan a asibiti, da zan tafi, ya kama hannuna ya ce, "Ga Mustafa nan. Ka riƙe shi." Na ce in sha Allahu tare za mu riƙe shi. Sai ya tambaye ni wa zai busa wasan su na kusa da na ƙarshe. Na ce ni ne a jadawali, kamar kullum. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To." Ya rufe ido. Wannan "to" ɗin ita ta hana ni zama.

Kwamitin gasa ya ɗage wasan da mako ɗaya saboda rasuwar. A cikin kwanakin nan ni na riƙe hannun Mustafa a maƙabarta. Ni na kai shi makaranta ranar da ya koma. Kullum a gidan nake cin abincin rana. Mahaifiyarsu ta aiko mini da usur ɗin Malam a ɗaure cikin hankici, ta ce ni ya fi dacewa da shi. Da na gaya wa shugaban kwamiti ina tunanin janyewa, sai ya ce, "Haba Malam Nasiru, kai ne magajinsa. Yaron nan ba ɗanka ba ne, ba ɗan'uwanka ba ne, doka ba ta hana ba. Wa ya fi ka cancanta ya busa ranar?" Koci Emeka ma ya kira ni ya ce, "Oga Nasiru, kai ne za ka yi. Shi Baba zai ji daɗi." Ba zan ɓoye ba, ina so. Ina so in tsaya a tsakiyar filin nan da usur ɗinsa a wuyana kowa ya gani. Na yi ta gaya wa kaina cewa shekara uku ina busa wa yaron ban taɓa karkata ba, mene ne ya canza? Da safe in yanke shawarar zan busa, kafin la'asar in warware.

Ranar Alhamis na kasa haƙuri na je shagon Auwal. Na same shi yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Yaya Nasiru, maraya ne yanzu, duk filin tausayinsa za a ji. In ya faɗi, ko ka ba shi abin da ba nasa ba, ko ka hana shi nasa don kada a ce. Ni na san ɗaya daga ciki." Na yi masa sallama. A ƙofar shagon na kira shugaban kwamiti na ce a nemo wani. Suka samo wani alƙali daga Kubwa wanda bai san kowa ba, ba kuma Malam ne ya koya masa ba.

Ranar Asabar na je da kayan gida, na tsaya a bakin layi kusa da Malam Isiya, usur ɗin yana aljihuna. Ban san yadda ake tsayuwar 'yan kallo ba, hannuwana sun rasa abin yi. Ana gab da farawa na ji mutum ya tsaya a gefena. Auwal ne, da kayan aikinsa, ko wanke hannu bai yi ba. Na matsa masa wuri.

Bayan hutun rabin lokaci Mustafa ya karɓi ƙwallo ta hagu, ya yanke mutum ɗaya, ya shiga da'ira, wani yaro ya tare shi, ya faɗi. Alƙali ya ce a ci gaba. Ban san lokacin da abin ya faru ba, sai ji na yi an riƙe mini riga ta baya. Malam Isiya ne yake cewa, "Oga, dawo, ka shiga fili." Na duba ƙasa, na ga na wuce layi da taku uku. Kuma wallahi, ni da na yi shekaru ina alfahari da idona, har yanzu da nake rubutun nan ban san ko ƙeta ce ko ba ƙeta ba ce. Ban ga ƙafar ɗaya yaron ba sam. Mustafa kawai na gani a ƙasa.

An fitar da su Mustafa da ci ɗaya. Da aka tashi ya nufo mu yana ɗingishi, ya dubi yayansa ya dube ni ya ce, "Kun gani?" Auwal ya ce, "Mun gani, daga farko har ƙarshe." Ya durƙusa ya kwance masa igiyar takalmi.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in zai yabi Malam Sabi'u, ya bar labarin Kwali yadda ake ba da shi. Ya yabe shi da hular da ya cire a gaban yara, da duwatsun da ya tsince, da zaman da ya yi a kan dakali yana tambayar mai rake da wace ƙafa.

Allah Ya ba mahaifiyar su Auwal haƙuri da juriya, Ya tsaya mata. Allah Ya sanya albarka a hannun Auwal, Ya cire masa abin da ya rage a zuciya. Allah Ya raya Mustafa rayuwa ta gari, Ya ba ni ikon riƙe amanarsa daga bakin layi, inda ya kamata in tsaya. Shi kuwa Malam, ya tafi gaban Alƙalin da bai haifa ba, ba a haife Shi ba, ba Ya tsoron bakin kowa. Ya Allah, bawanKa ya yi kuskure sau ɗaya a gaban idona, ya kwashe sauran rayuwarsa yana biya. Kada Ka yi masa hisabi mai tsanani. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.